Rabon Sabon Adireshin Intanet: Kamfanonin Minna Su Nemi Kasonsu

Tun ranar 3 ga Fabrairun 2011 rumbun duniya na tsohon adireshin intanet, wato IPv4, ya ƙare. A Afirka hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishiyus ce ke rabon ragowar, kuma daga Janairun 2020 ta tsuke hannu, ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a tashi ɗaya.

Sabon tsarin IPv6 bai san wannan ƙunci ba. Ƙa'idar hukumar ta amince ƙungiya ko kamfani ya karɓi kasonsa kai tsaye, kason da za a iya yanka shi gida 65,536, kowane gida ya ɗauki na'urorin reshe guda sukutum.

A ganinmu, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da manyan kamfanonin Chanchaga su nemi nasu. Wanda ke zaune a adireshin aro, ranar da ya sauya kamfanin sadarwa sai ya sake lambobin na'urorinsa duka, don haka yakan haƙura da tsada ya zauna. Kuɗin rajistar da dala ake biya, wannan kam nauyi ne. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa, ya kamata hukumar NCC ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ba su IPv6 ba tare da ƙarin ko kwabo ba.