Garambawul: wa ya lissafa kuɗin sallama?

Duk sa'ad da gwamnati ta tashi haɗe hukumomi, rarar da za a samu ake shelantawa, ba a faɗin abin da za a biya. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta ce za ta aiwatar da rahoton Oronsaye, wanda aka miƙa wa Jonathan tun 2012, mai shawarar a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Aka kuma ce ba wanda zai rasa aikinsa. To, daga ina rarar za ta fito? Albashi ne ke cinye kaso mafi tsoka na kasafin yawancin hukumomin nan. In ba a sallami kowa ba, allon bakin ƙofa kawai aka sauya. In kuwa an sallama, bashi ya hau kan gwamnati.

Mun taɓa ganin girman irin wannan bashi. Da aka sayar da kamfanonin wutar lantarki na PHCN, wato tsohuwar NEPA, a 2013, an samu kimanin dala biliyan 2.5. Kuɗin sallama da haƙƙoƙin fansho na ma'aikata fiye da 40,000 sun haura naira biliyan 380. A canjin wancan lokaci, kusan duk abin da aka karɓa da hannun dama an miƙa shi da na hagu. Ba na ganin laifin ma'aikatan, guminsu ne, kuma da ƙungiyarsu ba ta tsaya kai da fata ba, da wuya su ga ko rabi. Amma a daina kiran cinikin riba.

Wannan ma inda aka biya ke nan. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, aka rushe shi. Sai a 2018 Buhari ya amince a fitar da naira biliyan 22.68, rabin abin da tsofaffin ma'aikatan ke bi. Shekara goma sha biyar! Dalar da ake saya wajen naira 130 lokacin da aka rufe kamfanin ta haura 300 lokacin biya, don haka ko da mai haƙƙi ya karɓi adadin da ke rubuce, darajar ta riga ta zube a hanya. Da yawa ba su kai ranar ba, sai magada. Wanda ya taɓa leƙa wurin tantancewa ya san kamanninsa: dattijo da sanda, ya rungume fayil ɗin da gefensa ya cinye, a ciki takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe, ana ce masa sunansa bai fito a kwamfuta ba, ya dawo wani mako. Kuɗin motarsa da na maganinsa ba sa cikin lissafin kowa.

Ga kuma kuɗin lauyoyi in magana ta kai kotun ma'aikata, ga ƙwararrun da ake sallama a dawo a ɗauko su da kwantiragi mai tsada.

Masu muƙaman siyasa kuwa an riga an yanka musu nasu: kuɗin sallama ninki uku na tsurar albashin shekara, rubuce cikin doka tun kafin su hau kujera. Akawu mai mataki na 8 shi ma ya cancanci ya san nasa. Kafin majalisa ta soke dokar kowace hukuma, a kawo mata yawan waɗanda abin zai shafa, da nawa kowa zai karɓa, da layin kasafin da kuɗin ke ciki, da ranar biya.