Ra'ayinmu: Saƙo ba ya araha sai ya isa

Duk lokacin da azumi ko sallah suka matso, ko ɗalibai suka shiga neman makarantu a Maroko, Aljeriya da Turkiyya, sai aika saƙo ya zama aikin kowane gida. Wannan na da atamfa zai tura wa uwa a Damagaram, wancan na da takardu zai kai Faransa. Tambayar farko da kowa ke yi ita ce: ina ya fi araha? A ganinmu ba nan ya kamata a fara ba. Saƙon da ya ɓata a hanya, ko ya dawo wa mai shi bayan wata biyu, ko kyauta aka ɗauke shi ya yi tsada.

Mu fara da al'adarmu ta «don Allah riƙe mini wannan». Mutum ya je tasha ya damƙa wa fasinjan da bai sani ba ƙunshi, don gudun biyan jika ɗaya ko biyu. Ba rasit, ba shaida. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma cikin wannan tafiya komi na iya faruwa. In kaya ya salwanta wa za a kama? Ga kamfanonin bos da ke bin wannan hanya kullum suna da ofishin saƙo, suna rubuta suna da lambar salula, su ba ka takarda. Ga kuma gidan waya. Abin da aka biya a can kuɗin hujja ne. Matafiyi ma ya ji tsoro wa kansa: ɗaukar ƙullin da ba ka ga cikinsa ba zuwa waje kasada ce babba, balle ƙasa irin Saudiyya inda fataucin ƙwaya ke kai mutum ga hukuncin kisa.

Na biyu, awo. Gidan waya da nauyi yake caji, mataki mataki, don haka ƴan giram kaɗan na iya tsallakar da kai zuwa farashi na gaba. A tsarin gidajen waya na duniya, abin da bai wuce kilo 2 ba yana iya tafiya a matsayin ƙaramin ƙunshi, wanda galibi ya fi sauƙin kuɗi. Auna kayanka tun daga gida, ko a sikelin mai shagon unguwa. Su kuwa kamfanonin gaggawa irin DHL har girman kwali suke dubawa: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya zama kilo 12 ke nan, ko da kayan ciki kilo 5 ne. Ashe iska ka biya wa kuɗin jirgi. Nemi kwali daidai kaya, ka ɗaure shi tam.

Na uku, ba kowane saƙo ke buƙatar gudu ba. EMS da takwarorinsa na takardar da ke da wa'adi ne. Kayan sallah da aka aika tun da wuri ba su buƙatar wannan tsada. Jinkirinmu ne ke sa mu sayen gaggawa. Takardu kuma, kafin ka saka na ainihi a ambulan, tambayi makarantar ko ofishin ko za su karɓi hoto ta intanet. Da yawa sukan karɓa a matakin farko. In dole sai takarda, aika kwafin da hukuma ta buga wa hatimi in sun yarda, ka yi rajistar wasiƙar. Wasiƙa mai rajista zuwa waje tana da lamba mai gurbi 13: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffan ƙasa biyu a ƙarshe, na Nijar NE. Ɗauki hoton rasit nan take ka tura wa mai karɓa.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen duwan. Duk ƙunshi mai fita waje sai an cika masa takardar bayani, CN22 ga ƙanana, CN23 ga manya ko masu daraja. Rubuta «kaya» ko «kyauta» kawai ba bayani ba ne. A ce riga 3, takalmi 2, da kimarsu ta gaskiya. Wanda ya rage kima don kauce wa haraji ya rage wa kansa diyya ran da kayan suka ɓata. Sannan a san abin da ba ya shiga. Tarayyar Turai ta hana aika wa mutum nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, to kilishi da cuku komi daɗinsu ƙwacewa za a yi. Turare mai barasa da batir ɗin salula da aka cire daban su ma suna da takunkumi a jirgin sama. Garin neman ƙiba kar a samo rama.

Adireshi fa? Unguwanninmu da dama ba sunan titi, ba lambar gida, shi ya sa akwatin gidan waya da lambar salula suka zama dole. A rubuta sunan mai karɓa yadda yake a katin shaidarsa, ba «Baban Ladi» ba. A rubuta na mai aikawa a baya, don kaya ya san hanyar gida.

Sai dai ba talaka kaɗai ke da aiki ba. Muna kira ga Niger Poste da kamfanonin sufuri su manna farashi da jerin kayan da aka hana a bakin ƙofa, su kuma yi ta sanarwa a rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci. Su faɗi kwanakin da saƙo zai yi, su faɗi diyyar da za su biya in ya ɓata. Mutumin da ya san farashi tun daga gida ba zai miƙa amanarsa ga baƙon tasha ba.

Kafin nan, mai karatu, ka auna, ka rubuta gaskiya, ka karɓi rasit. In kunne ya ji, jiki ya tsira.