A Bar wa Ƙasa Ganyenta

Duk wanda ya ratsa dajin Yankari daga tudu zuwa bakin kogin Gaji, in ya dubi ƙasa, zai ga ta sauya kamar yadda itatuwa suka sauya. A tudu ƙasar kan bushe da zarar damina ta ɗauke. Nan gara ke sarauta: ita ke cinye busasshen ganye da ƙirare, tana huda ƙasa har ruwa ya sami hanyar shiga. A kurmin bakin kogi kuwa, inda inuwa ke riƙe laima, tanar ƙasa da ƙadandoniya sun fi samun wurin zama. Jaɓa da bushiya, masu cin ƙwari, abincin nan suke bi. Gafiya da kurege kuma sai inda rami zai haƙu bai rufta ba.

To, a nan ne masu dashen itatuwa ke yin kuskure. Sai a jera turare zalla, alhali ganyensa mai maiƙo ne, ba ya saurin ruɓewa. Ɗan abin da ya zuba kuma a share shi da sunan tsabta, ko yara su cinna masa wuta garin farautar gafiya. Itatuwa na tsaye, amma ƙarƙashinsu fayau.

Ya kamata makarantun da ke dashe su gauraya da tsamiya da kurna da gawo, su kuma hana shara a gindinsu. Gawo ma ya fi dacewa, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, daidai lokacin da ƙasa ke da laimar ruɓar da shi.