Jinya a gida: A daina tona asirin majinyaci da sunan neman taimako

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya buɗe Facebook ko TikTok ko wani zauren WhatsApp bai ci karo da bidiyon marar lafiya kwance a ɗakinsa ba. Wani dattijo ne mai shanyewar ɓarin jiki, an yaye masa mayafi ana nuna gyambon da doguwar kwanciya ta jawo masa. Wata kuma mata ce mai cutar daji, an haska kyamara a ƙirjinta. A ƙarƙashin bidiyon akwai suna da unguwa da lambar asusun banki. Galibi 'yan uwa ne ko masu aikin agaji ke ɗauka, kuma da yawansu da kyakkyawar niyya suke yi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko wanda ke kwance ya amince.

Babu mai musun cewa matsi ne ke kai iyalai ga haka. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma har yau mafi yawan 'yan ƙasa ba su da ita. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako kan cinye gona da dabbobin gida cikin 'yan watanni. Idan kuɗi ya ƙare, sai a dawo da shi gida, jinya ta faɗa hannun mata da 'ya'ya da surukai, wani lokaci har da 'yar aiki.

A asibiti, duk da gazawarsa, akwai labule, akwai lokacin ziyara, akwai fayil da ba kowa ke buɗewa ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum da maganin da ake yi masa sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Da zarar majinyaci ya koma gida, duk wannan kariya ta rataya ne a wuyan mutanen da ke kewaye da shi.

Kuma ba waya kaɗai ke yaye masa sutura ba. Dubiya abu ne mai lada, amma sau da yawa ɗakin majinyaci kan zama kamar dandali tun safe har dare. Mai jinya ya zauna yana zayyana wa duk wanda ya shigo abin da likita ya ce, har da abin da ya shafi fitsari da bayan gida, mai ciwon yana kwance yana ji. Akan sauya wa tsohuwa kunzugu ƙofa a buɗe, yara suna shige da fice. Akan karɓe wayar dattijo da katinsa na banki, a riƙa yanke hukunci kan dukiyarsa da maganinsa kamar ya riga ya tafi, alhali hankalinsa garau yake, jiki ne kawai ya gaza.

Illar hakan ba ta tsayawa a jin kunya. A inda ake ƙyamar masu cutar ƙanjamau da farfaɗiya da taɓin hankali da yoyon fitsari, kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin jinya na iya kashe aure, ko ta hana 'yar gidan samun miji, ko ta kori abokan ciniki. Bidiyon da ya hau intanet kuwa ba ya dawowa. Mai ciwon zai iya warkewa ya koma kasuwa, amma hotonsa a mafi munin halin rayuwarsa yana nan a wayoyin mutanen da bai sani ba. Akwai kuma 'yan damfara da ke kwafar irin waɗannan hotuna su liƙa nasu asusun.

Sai dai a yi hattara, rufin asiri daban, ɓoye majinyaci daban. A shekarar 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a cibiyoyi daban-daban a Najeriya. A watan Agustan 2020 kuma 'yan sanda a Kano sun ceto mutanen da iyalansu suka kulle a gida tsawon shekaru. Wanda ya kulle ɗan uwansa don kada maƙwabta su sani, sunan gidansu yake karewa. Da mai kullewa da mai tallatawa duk abu ɗaya suka yi, sun yanke hukunci a kan mutum ba tare da jin ta bakinsa ba.

Dokoki ba su yi shiru ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa kowa mutuncinsa, sashe na 37 ya kare sirrinsa da na gidansa. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta amince da haƙƙoƙin masu wannan larura. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, wanda ya kamata duk ƙungiyar da ke yaɗa hotunan marasa lafiya ta sani. Amma babu dokar da za ta shiga kowane ɗaki ta ja labule.

A nan ne tarbiyya da addini ke da aiki. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, har ta ware lokuta uku da yaran gida ma za su nemi izini. Ko gawa, ana suturta ta yayin wanka, kuma ana horon mai wanka da ya riƙe abin da ya gani. Idan mamaci ya cancanci haka, mai rai da ke gani yana ji ya fi cancanta. Hausawa ma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A tambayi majinyaci wa yake so ya san ciwonsa, wa yake so ya shigo, wa yake so ya yi masa wanka. A yi sallama a ƙofarsa ko da ɗansa ne. A sallami baƙi kafin a juya shi ko a sauya masa kaya, a kuma rufe duk inda ba a aiki a kai. A yi magana da shi kai tsaye. Idan ba ya iya magana, wanda ya fi kusa da shi ya auna abin da zai so da yana da lafiya.

Idan neman taimako ya zama dole, ana iya yin sa ba tare da nuna fuska ko tsiraici ba. Kwamitin masallaci ko coci ko mai unguwa zai iya ganin takardar asibiti ya ba da shaida, a kuma tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun asibitin. Idan an samu abin da ake nema, a sauke sanarwar. Masu bayarwa su ma su daina cewa sai sun ga rauni da idonsu kafin su ciro naira, domin wannan buƙata tasu ce ke tura iyalai yaye mayafi.

Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su sa batun sirri cikin bayanin da ake yi wa iyali ranar sallama daga asibiti, su kuma shimfiɗa ƙa'ida ga ma'aikatan da ke bin gidaje suna allura da wankin rauni. Malamai su ɗauki batun a huɗuba da wa'azi. Shugabannin zaurukan WhatsApp kuma su ƙi karɓar duk bidiyon da ba a tabbatar mai shi ya yarda ba.

Ciwo kan raba mutum da ƙarfinsa da sana'arsa da dukiyarsa. Mutunci ne abin da ya rage masa, kuma amana ne a hannun masu jinyarsa. Wanda ke riƙe da waya a bakin gado yau, gobe yana iya zama shi ne a kwance.