Kwamfuta Ta Hannu Da Haƙƙin Masu Manhaja



Da yawanmu kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu muke iya saya. Bayan 'yan kwanaki sai rubutu ya ɓullo a kusurwar allo, cewa Windows ɗin da ke ciki ba shi da lasisi. Abin da aka saba, a kai wa mai gyara ya sa manhajar yaudara, rubutun ya ɓace. A ganina wannan rufa-rufa ce kawai.

A zamanta na Kuwait a 1988, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da cewa shari'a tana kare haƙƙin wallafa da na ƙirƙira, keta su bai halatta ba. Yawan dukiyar Microsoft bai halatta mana haƙƙinsa ba. Ga kuma cutarwa: manhajojin yaudarar nan sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar kalmomin sirri.

Alhamdu lillahi, akwai mafita. Tun fitowar Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni suna dasa lambar lasisi a jikin kwamfutar, don haka sau da yawa sake ɗora ainihin nau'in da ta zo da shi ya wadatar. In babu lambar, a sayi lasisi. In aljihu ya gaza, ga Ubuntu da Linux Mint, masu su sun bayar kyauta.

Ya ɗan'uwa, da wannan na'ura kake neman ilimi da abinci. Ka tsarkake ta. Allah Ya wadatar da mu da halal, amin.