Kafin ka faɗaɗa layin "danna 1, danna 2"

1/ Jama'a, na haɗa wa wani dillalin taki layin da ke amsa kira da kansa. Kira ya yi yawa, ya ce a faɗaɗa. 🧵

2/ Twilio ba wahalar haɗawa, amma da dala ake biyan kowane minti. Naira na faɗuwa, lissafi ya rushe.

3/ Asterisk kyauta ne tun 1999, amma in sabar ta tsaya ƙarfe biyun dare, kai ne mai tashi.

4/ A ganina, rabu da abin da ake yayi. Ɗauki wanda aƙalla mutum biyu a wajenku suka iya gyarawa.

5/ Manomi ya kira layi ya yanke, katinsa ya tafi a banza. Wallahi ba zai sake kira ba.