Amanar Rufaffen Bidiyo: Wane Ma'auni Ya Kamata a Fifita?

A fagen tsaron bayanai akwai wata fasaha mai ɓangarori uku. Mai bidiyo yakan kulle shi da mabuɗin sirri kafin ya ajiye a ma'ajiyar intanet. Mai ma'ajiyar ba ya ganin abin da ke ciki, amma yana iya cusa wasu bayanai, kamar lambar shaida ko ranar ajiya. Mai karɓa kuwa, idan ya cire bayanan ya buɗe bidiyon, sai ya same shi daidai yadda yake tun farko, ba ragi ba ƙari.

Tushen wannan fasaha daga hotuna ya faro. A 2003 Jun Tian ya fito da dabarar faɗaɗa bambancin da ke tsakanin ɗigo-ɗigon hoto, sannan a 2011 Xinpeng Zhang ya nuna cewa ana iya ɓoye bayanai cikin rufaffen hoto a kuma dawo da shi. Bidiyo ya fi wuya, domin tsare-tsaren matsewa irin su H.264 na 2003 da H.265 na 2013 sun riga sun zubar da mafi yawan rarar da ake buƙata wajen ɓoyewa. Dalili ke nan da ya sa wasu masu bincike ke tanadar gurbi tun kafin a kulle.

Matsalar ita ce, galibi akan yaba dabara saboda yawan bayanan da take iya ɗauka. Wannan ma'auni gurgu ne, kuma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Bidiyon tiyata ko wanda za a gabatar a kotu ba ya jure ɗan canji. Da zarar asali ya ɓaci, shakka ta shiga. Dabarar da ke ɗaukar kaɗan amma ta mayar da amana cikakkiya ta fi wadda ke ɗaukar da yawa ta bar tabo.

Lamarin ya shafi manazarta Hausa masu naɗar hirarraki da makaɗa da dattawa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora musu alhakin kare sirrin waɗanda suka ba su labari. Don haka, kafin sassan Hausa su miƙa taskokinsu ga kowace ma'ajiya, ya dace su tabbatar cewa abin da aka kulle zai dawo kamar yadda aka naɗe shi.